Waken da tsutsa ba ta ci: yadda na bi diddigin lafiyarsa kafin mu shuka

Ƙungiyarmu ta manoma da ke yankin Talata Mafara ba wata babba ba ce. Wasunmu shinkafa suke yi a filayen Bakolori, wasu gero da dawa a tudu, amma wake ya haɗa mu gaba ɗaya, don babu gidan da ba ya jefa shi ko da a tsakanin kunyoyin gero ne. Ni ne magatakarda. Ba don na fi kowa gona ba, sai don na daɗe ina koyar da ilimin halittu a sakandare, kuma rubutuna yana karantuwa. Shi ya sa da maganar sayen sabon irin waken nan na Samaru ta taso, wanda ake kira SAMPEA 20-T, aka yi ta ja-in-ja ba a daidaita ba, sai aka ɗora mini aikin in binciko ko cinsa yana da illa.

Matasa sun matsu a saya. Sun ji a rediyo cewa maimakon feshi shida zuwa takwas a damina ɗaya, biyu sun isa. Ga tsadar magani, ga kuma halin da muke ciki: wanda gonarsa take bakin daji ya san duk fitar da zai yi da famfon feshi a baya, da addu'a yake yinta. Dattawa kuwa suka ce ba su yarda ba. Sarkin Noma ya dube ni ya ce, "Malam, abin da ka kashe tsutsa, ƙaƙa za shi bar mutum? In dahi na, dahi na." Ban ga laifinsa ba. A jihar nan ne a 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, daga ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gida. Ba wari, ba ɗaci, sai da aka yi ta binne yara sannan aka gane. Mutumin da ya ga wannan ba za ka ce masa "gwamnati ta amince" ya je ya kwanta ba.

Na fara da mafi sauƙi, wato mene ne aka sa a cikin waken. Akwai wata bakteriya da ke zaune a cikin ƙasa, sunanta Bacillus thuringiensis, ana taƙaita shi Bt. Wani masani ɗan Japan ne ya fara gano ta a 1901 tana kashe tsutsotsin siliki, bayan shekara goma wani Bajamushe ya sake samunta a tsutsar garin alkama, ya raɗa mata suna. Tun 1938 ake sayar da ita a Faransa a matsayin maganin feshi, kuma har gobe masu noman da suka haramta wa kansu maganin kanti ita suke fesa wa kabeji. Abin da ke yin kisan wani furotin ne da take haɗawa. Umarnin haɗa ɗaya daga cikin irin waɗannan furotin, mai suna Cry1Ab, shi aka ɗauko aka dasa a ƙwayoyin halittar wake, don ganye da fure da kwanso su riƙa yinsa da kansu. A Ostireliya aka yi dashen, a cibiyar CSIRO, sannan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, ta yi ta barbararsa da irin da aka saba nomawa a nan, ana gwada shi a killataccen fili tun 2009. An bi wannan doguwar hanya ne bayan cibiyar IITA ta Ibadan ta tace irin wake sama da 15,000 ba ta samu wanda ke iya tare tsutsar maruka, mai cinye fure da kwanson wake, yadda ya kamata ba. Hukumar NBMA, mai sa ido kan irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wadda dokar 2015 ta kafa, ta ba da izini a Janairun 2019, aka yi masa rajista a matsayin iri a Disambar shekarar. Liman ya riga ya tambaye ni ko akwai wani abu na dabbar haram a ciki. Da na gaya masa daga ƙwayar ƙasa aka ɗauko, ya ce to shi nasa ɓangaren ya ƙare, saura na likitoci.

Amma tarihi ba shi ne amsar Sarkin Noma ba. Ina son in ga abin da aka gwada, da yadda aka gwada shi. Dokar ta tanadi cewa kafin a ba da izini sai an sanar da jama'a a jaridu, a ba su kwana 21 su duba takardun su faɗi ra'ayinsu. Tanadi ne mai kyau a kan takarda, sai dai jaridar Turanci ba ta zuwa ƙauyukanmu, kuma ko ta zo, kundin da ke cike da sunayen sinadarai ba abin da manomi zai zauna a gindin darbejiya ya karanta ba ne. Ni kaina da nake koyar da fannin, sai da na nemi taimako. Akwai wata tsohuwar ɗalibata da ke karatun digiri na biyu a kimiyyar sinadaran jiki, ta zo hutu Gusau. Na same ta a gidan iyayenta, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, ta ɗauko kwamfutarta. Yarinyar da na koya wa zanen ƙwayar albasa a allo, yau ita ce ke cewa, "Malam, a hankali, bari mu koma baya kaɗan."

Abu na farko da ta kafa mini shi ne, babu wani gwaji guda ɗaya da ake yi a ce shi ke nan, abu ya tsira. Shaidu ake tarawa daga wurare dabam-dabam a ga ko sun dace da juna, kuma tsarin da ƙasashe ke bi ya samo tushe daga ƙa'idar da hukumar Codex mai tsara ƙa'idojin abinci, ta haɗin gwiwar FAO da WHO, ta fitar a 2003. Ana farawa da jerin tubalan da suka gina furotin ɗin, waɗanda ake kira amino asid. A zuba jerin a kwamfuta a gwama shi da na duk wani furotin da aka san dafi ne, kamar na maciji da kunama, da duk wanda aka san yana jawo borin jini, kamar na gyaɗa da madara da ƙwai. Ƙa'idar ita ce, in aka yanki tubala 80 a jere aka ga sama da kashi 35 cikin 100 sun yi daidai da na wani mai jawo bori, to an tsaya ke nan sai an ƙara bincike. Cry1Ab bai yi kama da ko ɗaya ba. Na tambaye ta ko irin wannan tankaɗe ya taɓa kama wani abu, ko kuwa kowa wucewa yake yi. Ta ce ya taɓa: an dasa wa waken suya wani furotin na gyaɗar Barazil don a ƙara masa amfani ga dabbobi, gwajin jinin masu borin wannan gyaɗa ya nuna borin ya biyo furotin ɗin, aka buga sakamakon a 1996, aka jingine aikin tun bai shiga kasuwa ba.

Gwaji na biyu shi ya fi shiga kaina, don na gan shi da idona, ko da a hoto ne. Ana haɗa ruwa mai kama da na cikin tumbin mutum, mai tsami ƙwarai, lamba 1.2 a ma'aunin tsami, a zuba masa fefsin, sinadarin da ke yayyanka nama da ƙwai da wake in mun ci. Sai a jefa furotin ɗin a ciki, a riƙa ɗiban kaɗan-kaɗan bayan 'yan daƙiƙoƙi, bayan minti ɗaya, biyu, biyar, har zuwa awa guda. Kowane ɗiba a ɗiga shi a layinsa a kan wani faranti mai danƙo, a sa wutar lantarki ta ja shi. Ta buɗe mini hoton irin wannan faranti. A layin farko, kafin a sa fefsin, ga wani zane baƙi ƙirin a kwance, shi ne furotin ɗin cikakke. A layi na gaba ya dusashe. Kafin a kai layin minti biyu wurin ya zama fari fat, sai ɗan hazo a can ƙasa, ɓurɓushin da ya rage. Can gefe kuma an sa wani furotin da aka san ba ya narkewa da wuri don a gwada, shi nasa zanen yana nan daram har layin ƙarshe. Wannan na gefen shi ya sa na yarda da hoton, don ya nuna ba kowane abu ruwan ke cinyewa ba.

Dalilin damuwa da narkewa shi ne, yawancin furotin da ke jawo bori masu taurin kai ne, suna isa hanji ba su farfashe ba. Akwai wani ɗan uwan Cry1Ab mai suna Cry9C da aka sa a wata masara a Amurka, StarLink. Shi bai narke da sauri ba, kuma yana jure zafi, saboda haka a 1998 aka ce a ba dabbobi kawai, ban da mutane. A 2000 sai ga shi a cikin abincin kanti. Aka janye kaya, aka daina nomanta, duk da gwajin jinin waɗanda suka yi ƙorafi bai nuna furotin ɗin ne ya dame su ba. Abin da na ɗauka daga nan guda biyu ne: sunan Bt bai isa a yanke hukunci ba, kowane furotin da nasa shari'ar, sannan hatsi in ya shiga kasuwa ba ya zama inda aka ce ya zauna. Na biyun zai sake taso mana daga baya.

Sai gwajin ɓeraye. Ana ɗura musu furotin ɗin tsantsa ta baki, a lura da su mako biyu, a auna nauyinsu da cinsu, a ƙarshe a buɗe cikinsu a duba. An ba su Cry1Ab har miligiram 4,000 a kan kowane kilo na nauyin jiki, ba a ga komai ba. A nan na ɗan ja da ita, don na lura furotin ɗin da aka ba ɓerayen ba daga shuka aka tatso shi ba, wata bakteriya aka sa ta haɗa shi a ɗakin gwaji. Na ce wannan ai kamar a kira wani ya yi rantsuwa a madadin wanda ake tuhuma ne. Ta yi dariya ta ce masu adawa ma wannan suke faɗa, kuma tambaya ce mai kyau. Abin da ke cikin shuka kaɗan ne ainun, maikirogiram ake lissafa shi a kowane giram, ba za a iya tara abin da zai ishi gwajin ba. Don haka dole mai neman izini ya fara nuna cewa na bakteriya da na shuka abu ɗaya ne: nauyinsu, jerin tubalansu, da ƙarfinsu na kashe tsutsa. Da na koma gida na ɗauki biro na yi nawa lissafin. Mutum mai kilo 60, in za a ba shi daidai abin da aka ba ɓera, giram 240 ne na tsantsar furotin. Na ƙaddara, don in tsananta, cewa kowane giram na wake yana ɗauke da maikirogiram 10. Sai ya ci tan 24, buhu 240 masu kilo ɗari-ɗari, a zama ɗaya, kuma ɗanye. Wannan lissafin ne kaɗai ya ba mutane dariya ranar da na kai rahoto.

Tambayar da ta fi kowace kaifi ba daga namiji ta fito ba. Na je in yi wa ɓangaren mata bayani tun kafin babban taro, don su ne masu ƙosai da alale da ɗan wake, su za su fara taɓa shi. Na yi musu bayanin da ake yi a ko'ina: cikin tsutsa ba irin namu ba ne, namu tsami gare shi, nata kuwa kishiyar tsami ne, ya haura lamba 9, wato ɓangaren kanwa da toka yake. A irin wannan ruwa ne furotin ɗin bakteriyar ke narkewa ya tashi aiki. Shugabar matan, dattijuwa ce da ta kusa haifata, ta ajiye carbinta ta ce, "To ɗana, mu da ba mu dahwa wake sai da kanwa fa? Ɗan wake ma da ruwan kanwa muka kwaɓa shi. Ke nan mu munka tashe shi da hannunmu?"

Na ce, "Inna, ba ni lokaci." Ban so in ba ta amsar da ban tauna ba. Da na koma kan takardun sai na ga tambayarta ta taɓa wurin da bayanin rediyo ke tsallakewa. A amfanin gona da yawa, furotin ɗin da shuka ke yi an riga an gajarta shi, ba ya zuwa a dunƙule kamar na bakteriya, saboda haka zancen tsami da kanwa ba shi ne babbar katanga ba. Babbar katangar tana jikin hanji. Kafin Cry1Ab ya yi ɓarna sai ya samu wasu keɓaɓɓun wuraren kamawa a bangon hanjin tsutsa, ya manne, ya haɗu da 'yan uwansa su huda bangon. Tsutsar ta daina ci cikin 'yan awoyi, ta mutu cikin kwana kaɗan. Hanjin mutum da na akuya da na kaza ba su da waɗannan wuraren kamawa. Hasali ma na fara da na ƙwaro da na zuma ba su da irin wanda Cry1Ab ke nema, shi ya sa aikinsa ya tsaya kan tsutsotsin dangin malam-buɗe-littafi. Kuma wanda aka ɗura wa ɓerayen nan, wanda aka riga aka tayar ne, ba mai barci ba. Ga kuma wuta: tafasa tana lalata siffar furotin, ya daina kashe ko da tsutsar ce. Na koma na gaya wa Inna haka dalla-dalla. Ta ce ta ji, amma ita sai ta ga yadda ƙullunsa ke tashi kafin ta ce komai.

Maganar haihuwa ba a yi ta a bainar jama'a ba, a gefe aka riƙa jawo ni. Duk wanda ya san abin da ya faru da rigakafin shan inna a 2003 ya san wannan tsoron ba sabo ba ne a Arewa. Abin da na faɗa musu shi ne, gwajin mako biyu a kan ɓera ba ya amsa wannan tambaya, kuma duk wanda ya ce yana amsawa ya wuce gona da iri. Amsar tana wani wuri. Furotin da ya narke a tumbi cikin minti biyu ya koma amino asid irin na kowane abinci, ba ya taruwa a jiki yadda dalma ke taruwa a ƙashi da jini. Sannan shi wannan Cry1Ab ba a kan wakenmu aka fara cinsa ba. Tun 1996 ake noman masara mai ɗauke da shi a Amurka, a Afirka ta Kudu kuma tun ƙarshen shekarun 1990, ƙasar da tuwon masara ne abincin talaka safe da dare. Tarayyar Turai, wadda ba ta cika son irin waɗannan iri ba, ta ɗauki nauyin ciyar da ɓeraye wannan masara na kwana 90 da na shekara guda, ba a ga illa ba. A 2016 cibiyar masana kimiyya ta Amurka ta duba bincike kusan 900 ta ce ba ta ga shaidar cewa cin waɗannan amfanin gona ya fi cin na gargajiya haɗari ba. Akwai masu adawa a ƙasar nan, kamar ƙungiyar HOMEF ta Nnimmo Bassey, kuma na karanta nasu. Inda suka ce yawancin bayanan daga hannun masu neman izinin suke fitowa, kuma ya kamata a ƙara gwaji mai zaman kansa a gida, ina tare da su. Inda aka ce yana hana haihuwa, na nemi shaidar ban ga abin kamawa ba.

Sauran kundin na bi shi da sauri. Ana noma sabon irin gefe da gefe da uwarsa, a auna furotin da mai da ƙarfe da sauran sinadarai na ƙwaya da na harawa, a ga ko dashen ya birkita wani abu. A nan na ci karo da abin da ban sani ba duk shekarun da na yi ina koyarwa: waken gargajiya ma yana da nasa furotin na yaƙi da ƙwari, wanda ke hana narkewar abinci a cikinsu, yana cikin dalilan da suka sa ba a cin wake ɗanye. A 1987 masana a Ingila sun ɗauki umarnin haɗa shi daga wake suka dasa wa taba don ta kare kanta daga tsutsa. Ashe tun kaka da kakanni muna cin furotin mai cutar da ƙwari, dafuwa ce ke raba mu da shi. Ɓangaren muhalli kuma ya shafi zuma da tana da gizo-gizo da ƙwarin da ke cin wasu ƙwari, da kuma waken daji da ke fitowa a bakin gonaki, wanda zai iya barbara da na gida, ko da yake wake galibi kansa yake yi wa barbara tun furen bai buɗe ba.

Ranar taro na ce musu ga abin da na gani. A kan ci, na gamsu, zan ci kuma zan ba iyalina. A kan abin da zai biyo baya a gona da kasuwa, akwai aiki a gabanmu. Aka yanke cewa wanda yake so ya gwada a ɗan yanki, ba a tilasta wa kowa ba.

Na shuka nawa a ƙarshen Yuli, sabon irin a gabas, wanda na gada a yamma, hanya ce kawai ta raba su. Da wake ya fara fure na riƙa zuwa da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, ina buɗe furanni da farce. Uwar maruka ƙaramar malam-buɗe-littafi ce mai tashi da dare, ba ta iya rani a wurinmu, daga kudu take biyo iskar damina ta zo ta yi ƙwai a kan toho. A yamma, in ka ga fure ya manne da ganye da wani zare kamar yanar gizo, buɗe shi: ga ta nan, fara-fara, da ɗigo-ɗigon baƙi jere a bayanta, ta cinye cikin furen ta bar kashinta. In kwanso ya fito sai ta huda shi daidai inda biyu suka haɗu, ka ga ɗan gari ya taru a bakin ramin. Cikin kwanso take, shi ya sa magani ba ya isa gare ta sai an yi ta maimaitawa, kuma a shekarar da ta yi yawa tana iya cinye kashi 80 cikin 100 na amfanin. A gabas na samu ƙwai, na samu 'yan mitsi-mitsin tsutsotsi da suka ƙyanƙyashe, wasu sun yi baƙi sun bushe a cikin furen. Babba mai ƙiba ban gani ba. Zuma kuwa tana ta kai-komo a ɓangarorin biyu. Harawar na ba raguna suka cinye tas, amma na gaya wa masu zuwa kallo kada su ɗauki wannan a matsayin hujja, rago ko leda ka ba shi zai tauna.

Wani maƙwabcina ya sha kashi. Wanda ya sayar masa da iri a kasuwa ya ce masa wannan wake ba ya son feshi ko kaɗan, shi kuma ya rataye famfonsa. Ƙananan ƙwarin fure suka zubar masa da rabin furen, masu tsotsar kwanso suka shanye saura, kwanson ya motse ya bushe ba ƙwaya. Ya zo yana cewa an cuce shi da irin bature. Abin da ya sa furotin ɗin bai taɓa mu ba, shi ne dai ya sa bai taɓa waɗannan ƙwarin ba. Feshi biyun nan da aka ce, saboda su ne. Haka ƙwaron rumbu, babu ruwansa da Cry1Ab, zai huda wannan wake yadda yake huda kowane. Ni abin da ya fi tayar mini da hankali a duk binciken nan ma a nan yake. Mun yi wata da watanni muna tuhumar furotin da ke narkewa cikin minti biyu, alhali a kasuwanninmu ana yayyafa wa buhun wake piya-piya kai tsaye, a sayar wa mai ƙosai washegari. Saboda ragowar wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwaron ta hanyar toshe masa iska, ba ko ɗigon magani, amma har yanzu sai ka yi ta roƙon mutane su saya.

Abin da na fi nanatawa a taron bayan kaka shi ne maganar sabo. Tsutsa tana iya sabawa da furotin ɗin. A Afirka ta Kudu, tsutsar karan masara ta fara cin masara mai Cry1Ab ta rayu, aka ba da rahoton haka a 2007, ba a cika shekara goma da fara nomanta ba, kuma babban dalili shi ne manoma da yawa ba su bar mafaka ba. A Indiya ma jar tsutsar auduga ta yi haka. Mafaka ita ce wani yanki na irin gargajiya kusa da sabon, inda tsutsotsi marasa juriya za su rayu su yi yawa. In ɗaya mai juriya ta tsira daga sabon irin, sai ta haɗu da waɗannan, 'ya'yan da za su haifa furotin ɗin ya iya da su. Maruka tana da wasu bishiyoyi da ciyayi dangin wake da take rayuwa a kansu, wannan yana taimakawa, kuma masu binciken suna aikin ƙara furotin na biyu, Cry2Ab, don tsutsar da ta tsallake ɗaya ta faɗa a ɗaya. Amma kafin nan, in duk ƙauye ya koma iri ɗaya, mu ne za mu kashe shi da kanmu. Sarkin Noma ya ce shi dai yana nan kan farin wakensa na gado. Na ce, "Ranka shi daɗe, ka taimake mu, gonarka ita ce mafakarmu." Ya ce in rubuta abin da na ga dama.

Mun rubuta abubuwa kaɗan a littafin ƙungiya. Duk wanda ya ga babbar tsutsa da rai a cikin kwanson sabon irin, ya sa ta a kwalba da kwanson ya kawo, mu kai wa malamin gona. Iri kuma daga dillalin da ke da rajista za a saya, a cikin ledarsa a rufe, don an fara zuba kowane wake a leda ana cewa shi ne. Waken yana tsirowa in an ajiye shi an sake shukawa, na gwada na gani, sai dai a masussuka da rumbu yake cakuɗuwa da wani, shi ya sa ake son a riƙa sabuntawa. Ɗalibata ta ce akwai wani ɗan tsinken gwaji irin na zazzaɓin cizon sauro, a murje ganye a ruwa a tsoma shi, layi biyu ya fito in akwai furotin ɗin, kuma mun sa a bincika mana kuɗinsa.

Wanda muka kasa warwarewa shi ne na mata. Inna ta soya ƙosai da shi, ta ce ƙullun ya tashi, bai sha mai ba. Duk da haka ta ce akwai masu sayen ƙosanta da ba sa so, kuma haƙƙinsu ne su san abin da suke ci. Ƙa'ida ta ce a sa alama a kan irin wannan abinci, kuma mu mun yarda mu riƙa rubuta harafin T da jan fenti a buhunanmu. Sai dai alamar iyakarta kasuwar ranar Talata. Can ɗan kasuwa zai farke buhu goma daga ƙauye biyar ya juye wuri ɗaya, ya auna da tiya, ya ɗinke a sabon buhu, mota ta ɗauka zuwa Legas. Matan sun ce su dai daga hannun 'yan ƙungiya za su riƙa saye kai tsaye, kowace ta zaɓi buhun da take so, kuma an sa maganar a ajandar zaman da za mu yi kafin ruwa ya sauka.